Sunan da Gwaggo Sadiyatu Ba Ta Faɗa

"Malama, mai suna bai nan."

Gwaggo Sadiyatu ce tsaye a bakin ƙofar aji, buta a hannu, mayafinta ya jiƙe sharkaf. Tun ƙarfe sha ɗaya ake tsuga ruwa, kwanon rufi yana ƙara har ba na jin muryar kaina. Yara talatin da takwas ne a ɗaki ɗaya, biyu suna kuka, ɗaya ya ɓarar da kununsa a kan tabarma. Na gaji, irin gajiyar da amsa sallama ma aiki ce.

Lesin dogon hutu muke yi a wata ƙaramar makarantar kuɗi a Gidan Igwai. Iyaye suna kawo yara takwas na safe su ɗauke su ƙarfe biyu, wai don su ƙara karatu, amma kowa ya san don a huta da ƙiriniyarsu ne a gida. Shugabar makaranta ta manna dokokin tsafta a bango da jan biro, ta yi tafiyarta hutu. Wadda ke bin dokokin ita ce Gwaggo, da ba ta iya karanta su ba. Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, ta haura saba'in. Ita ke tafasa ruwan sha tun da safe, ita ke tsayawa da sabulu a kan kowane yaro kafin ya ci abinci, ita ke taɓa goshi da bayan hannu ta ce wannan a kira uwarsa. Da damina kuwa, lokacin amai da gudawa, ko mai sayar da ƙanƙara ba ta bari ya tsaya a jikin katangarmu.

Abu ɗaya ne ba ta yi. Ba ta faɗar sunan mijinta, marigayi Malam Lawwali, ba ta kuma faɗar sunan ɗanta na fari, Hamza, wanda ke noma a Kwalkwalawa. Kunya ce irin ta mutanen da. A ajina akwai Lawwali ɗaya da Hamza ɗaya, dukansu 'yan shekara shida, dukansu kuma "mai suna" take ce musu.

Na ɗaga kai na hango Lawwali a lungu yana tauna fensir.

"Ga shi can, Gwaggo."

"Ba shi ba. Gudan."

"Wane gudan kuma? Gwaggo, ki hwaɗi sunan mana, kaina ciwo shikai!"

Ta dube ni kamar na ce ta tuɓe zane a kasuwa. Sai ta ajiye butar a ƙasa ta juya cikin ruwan. Ni kuwa na koma kan mai kunun. Wallahi na san al'adar, a cikinta na tashi, na kuma san yaran nan biyu ne. Gajiya ce ta rufe mini kai, kuma har yau ban yafe wa kaina ba.

Ban san minti nawa aka yi ba. Na dai ji wata murya ta keto ƙarar kwano, muryar da ban taɓa sanin tana da ita ba.

"Hamza! Hamza! Hamzaa!"

Na fita da gudu ba takalmi. Ƙofar makaranta a buɗe take, Baba Gambo mai gadi ya tafi sallar azahar ya sakaya ta kawai. Kwatar bakin titi ta cika tana gudu da ledoji da ɓawon rake, tana shigewa ƙarƙashin kwalbati. Yaron ya bi takalminsa da ruwa ya ɗauke, ya zame ya faɗa har ƙirji. Jin sunansa ne ya sa ya waiwayo ya miƙo hannu. Na tarar da Gwaggo kwance rub da ciki a kan siminti, ta damƙe wuyan rigarsa da hannu biyu, ruwa yana jansu su duka. Wani mai Keke Napep ya tsaya ya taya ni muka fito da shi.

Bai ji ciwo ba sai ƙujewa a gwiwa. Gwaggo ta wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu sau biyu, ta sa ya kuskure baki, ta naɗe shi da busasshen zanenta. Ita da jiƙaƙƙun kaya ta zauna har aka tashi. Ba ta kalle ni ba, ni ma na kasa kallonta.

Washegari ba ta fito ba. Na leƙa ta bayan an tashi, na same ta kwance tana numfashi da ƙyar, ta riƙe haƙarƙari.

"An tahwasa ruwan ɗiyan ga?" ta ce.

"An tahwasa, Gwaggo. Mu tai asibiti."

"Sanyi na kawai. Ki ce ma Gambo shi sa kwaɗo ga ƙohwag ga, ko da salla za shi."

Na ce, "Gwaggo, ki gahwarce ni."

"Ke dai bari. Ɗiya talatin da takwas, ai ba wasa ba ta." Ta juya fuska bango.

Sai rana ta uku ta yarda aka kai ta. Likita ya ce sanyi ya shiga huhu, ga hawan jini da ta daɗe tana ɓoyewa. Ɗanta ya zo daga Kwalkwalawa, dogon mutum mai furfura a gemu, ƙafafunsa duk taɓon gona. Ya durƙusa a gefen gado yana yi mata sannu. Ta ce, "Kai, ka zo?" Iyakar abin da ta ce masa ke nan a gabana. Ranar Alhamis da hantsi, ina tsakiyar kiran sunaye a aji, aka aiko mini cewa ta cika.

Ban rufe lesin ba, don ba ni da ikon rufewa. Na tafasa ruwa da kaina, na ƙone yatsa, na tsaya da sabulu a kan yara talatin da takwas ina yi musu tsawa fiye da yadda ya kamata. Uwar Hamza ƙarami ta kawo buhun gero gidan makoki, ta yi kuka har aka riƙe ta.

Ranar sadakar uku da la'asar, mutane sun ragu, wata mata ta ce mini ana sallama da ni a zaure. Ɗan Gwaggo ne, tsaye, hularsa a hannu. Muka gaisa, na sake yi masa gaisuwar rashi.

"Malama, an ce ranar da abin ga ya hwaru, Inna ta kira sunan yaron."

"Ta kira."

"Da bakinta?"

"Da bakinta. Sau ukku."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Tun ina shekara biyu anka kai ni wurin kakata. Shekara hamsin da biyu gare ni yanzu, ban taɓa jin shi ga bakinta ba. Daga 'kai' sai 'wancan'." Ya murza hular. "Ba wai ina ƙorahi ba. Haka munka taras."

Sai ya ɗago ya dube ni.

"Ƙaƙa ta hwaɗe shi?"

Na so in gwada masa, na fasa. Mace kamar ni ba ta tsayawa a zauren makoki ta ƙwala kiran sunan namiji. Na ce masa da ƙarfi ta faɗa, har ya danne ƙarar ruwa a kan kwano, kuma na ƙarshen ta ja shi da tsawo kamar ba za ta sake shi ba.

"Ta ja shi," ya ce.

"Ta ja shi ƙwarai."

Ya zauna a kan dakalin zaure, ya ɗora hular a gwiwa. Daga cikin gida ana kankare ƙanzon tukunyar sadaka, a titi Keke Napep suna wucewa suna fantsama ruwa. Na tsaya kaɗan ko zai ce wani abu. Yana kallon ƙofa, laɓɓansa suna motsi kamar mai jan suna, ba sauti.