Kunun da Nake Ɗura wa Nafi'u

Daren jiya, ina kan tabarmata a barandar asibiti, wani mafarki ya zo mini.

Na gan ni a ɗakin da aka kwantar da ƙanena Nafi'u, wanda babur ya watsar, kansa ya bugu, yau kwana tara inji ke yi masa numfashi. Sai dai gadonsa a manne yake da silin, ruwan da ake ƙara masa kuma daga jijiya yake fita yana hawa cikin leda. Ban yi mamaki ba. Asibiti ne.

Likitar wata tsohuwar akuya ce mai tabarau. Ta cinye takardar gwajin jininsa tas, ta ɗan yi tuƙa, ta ce, "Fosfet ya yi ƙasa."

Na ce, "Ranki ya daɗe, wane ne kuma Fosfet?"

"Wani gishiri ne a cikin jini. In ya yi ƙaranci, ƙirji ba ya iya jan iska. Shi ya hana mu cire injin."

Sai ga mu a kotu, a can ƙasan flas ɗina na kunu. Alƙalin ludayi ne. Akuya ta miƙe ta ce, "Cikin da ya kwana bakwai babu komai, a hankali ake shigarsa, kamar gidan surukai. In aka danna masa abinci lokaci guda, jiki kwashe gishirin nan yake yi daga jini. Mu aunawa muke yi. Wa ke yin ƙari?"

Ludayi ya juyo ya dube ni.

Ni ce mana. Da nas ta ba da baya, sai in ɗura masa kunun gyada da sukari ta robar abincin da aka zura masa a hanci. Mu a gidanmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kuma ni ban taɓa ganin wanda ya warke da yunwa ba. Tausayinsa ne ke cina.

Nafi'u ya leƙo ta bakin flas. "Yaya Hansai, wallahi kunun da daɗi. Nauyi ne dai yake yi mini a ƙirji."

Na fashe da kuka, hawayen suna hawa sama.

Ƙarar bokitin mai goge-goge ce ta tashe ni. Ko fuska ban wanke ba, na je na tarar da nas tana rubutu.

Na ce, "Sista, in kin ga dama ki kore ni. Amma fara jin abin da nake ba shi tukuna."