Ɗigon da Ya Faɗa Teku

Wani dare Mai Taswira ya ji wani abu yana jan numfashi a ofis, fiii, ya tsaya, fiii, kamar tsoho mai mura. Ɗakin kwanansa a bayan ofishin yake, bango ɗaya ya raba su. Da ya leƙa, ashe injin buga taswira ne da ya bar wa aiki ya manta. Ya zaro takardar, mai faɗin tabarma, fara fat. Sai da ya sa tabarau ya ga ɗigo biyu, ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan.

Ya san ciwon. Idan awo guda ya shiga kwamfuta da saitin da ba nasa ba, can wata duniya yake faɗawa, ita kuwa kwamfuta ba ta barin kowa a baya, sai ta matse komai don ta nuna su tare. Rafi da duwatsu da layukan tudu da gangare da ya daɗe yana ja, duk sun dunƙule sun zama ƙwayar yashi.

Da safe Injiniya mai aikin hanya ya ɗaga takardar yana dariya.

"Baba, hanya na ce ka zana min, ba gajimare ba. Goge ɓataccen ɗigon nan, ka bugo min aikina yau."

Mai Taswira ya zauna gaban kwamfuta ya yi ta jawo ɗigon kusa. A tsakiyar teku ya same shi, shi kaɗai. Gefensa akwai ɗan rubutu: "Inuwa da iska mai daɗi. A kawo Malalaci."

Yayansa ne ya rubuta. Duk tsawon aikinsu Yaya ke shiga daji da na'urar awo, shi kuma yana kan kujera yana zanawa, shi ya sa Yaya ke kiransa Malalaci. Tuddan da ya zana ba su ƙirguwa, bai taɓa hawa ko ɗaya ba. Wannan awon ne Yaya ya yi na ƙarshe kafin ya kwanta ciwon da bai tashi ba.

Yatsansa ya je kan maɓallin gogewa ya dawo. In ya goge, babu wanda zai ƙara sanin inda iskar take.

Sai ya shiga gwada saiti. Ya sa saitin wannan yanki na duniya, ɗigon ya yi tsalle ya faɗa hamada. Ya sa na wancan, ya ɓace gaba ɗaya. Rana ta yi, shayinsa ya huce, ofis tsit sai fanka. Can ya tuna Yaya yana da tsohuwar na'ura da yake ɗauka idan batirin sabuwar ya mutu, kuma ba a taɓa canza mata saiti ba tun wani tsohon aiki. Ya sa wancan saitin.

Ɗigon ya dawo gida. Ya sauka a kan wani ɗan tudu, inda layuka suka kewaye juna kamar zanen babban yatsa. Jan layin hanya ya ratsa ta tsakiyarsa.

"Yawwa Baba, yanzu ka yi aiki," in ji Injiniya. Ya ƙwanƙwasa wurin da biro. "Wannan tudun kuma ka yi masa bankwana. Motocin tono suna hanya, nan da 'yan kwanaki ko alamarsa ba za a gani ba."

Washegari Mai Taswira ya ciro takalman dajin Yaya daga ƙarƙashin gado. Sun yi masa yawa, ya cusa takarda a bakinsu. Ya naɗe taswirar, ya cika gora da ruwa, ya ja ƙofa.

Maƙwabciyarsa mai ɗinki tana shara a ƙofar shagonta. Ta dube shi sama da ƙasa, ta dafa tsintsiya.

"Ikon Allah! Baba, yau kai ne a waje da sassafe? Ina zuwa haka da takalman marigayi? Wa kake da shi a can?"

Ya gyara gorar a kafaɗa, ya bi titi yana jan ƙafa.