Jirgin da Teku Ta Kora

Duk Abuja ba wanda na yi wa dariya kamar Thaddeus, ranar da ya ɗauko jirgin ruwa a bayan tirela tun daga Legas ya sauke shi a tafkin Jabi. Abokina ne tun muna makaranta a Keffi. Da farar hula suka dawo kwangila ta buɗe masa, ya rasa abin saye sai jirgi mai inji da ɗakin kwana. Jikin jirgin kuwa kamar shagon gwal, tagogin gilashi manya-manya, ƙasa-ƙasa dab da ruwa.

Bai ɓoye mini aibinsa ba. Mai shi na farko ya fita da shi teku, igiyar ruwa ta mari taga ɗaya ta tsage, da ƙyar suka kai gaɓa suna kwasar ruwa da bokiti. An gyara, amma ba wanda ya sake yarda da shi.

"Duk inda aka sa gilashi an rage ƙarfin jirgi, oga Ilyasu," in ji shi. "Amma Jabi ba shi da igiya."

Na ce Allah ya sanya alheri, amma ai kwando mai inji ya saya.

Ana nan Inna ta kwanta. Mahaifiyata Rekiya 'yar masunta ce daga Yawuri, a cikin kwalekwale ta yi wayo. Na kawo ta gidana a Karu saboda asibiti, ƙafafu suka daina ɗaukarta, sai kuma ta daina cin abinci. Maganarta ɗaya ce, a mai da ta gida ta ga kogi. Likita ya ce ba za ta jure hanya ba, kuma in ba ta ci ta yi ƙarfi ba, ba zai yi mata aiki ba. Na lallasa, na yi faɗa. Matata Sumayyah ta dafa kifi iri-iri, Inna ta juya wa bango fuska. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Thaddeus ya zo dubiya, ya saurara, ya ce, "Mama, gobe za ki hau ruwa."

Da muka tura ta a keken marasa lafiya zuwa bakin tafkin, ni da Sumayyah, Inna ta ƙare wa jirgin kallo.

"Ilyasu, wane mahaukaci ne ya huda cikin jirgi ya toshe da madubi? A garinmu in jirgi ya tsage liƙe shi ake yi, ba a ƙara masa ƙofa."

Thaddeus ya durƙusa. "Gaskiya ne, Mama. Shi ya sa teku ta kore shi. Nan kawai yake iya aiki."

Ta ce, "To, ni da shi duk an sallame mu. Ku sa ni."

Ba ta iya zama a sama cikin rana, don haka muka tallafe ta a bargo zuwa ɗakin ƙasa, muka kwantar da ita jikin taga. A wani jirgin, mai kwanciya rufi kawai zai gani. A nan ruwa yana daidai kafaɗarta, kamar yadda yake wa mai zaune a kwalekwale. Jirgi ya motsa, ruwa ya fara lasar gilashin. Inna ta ɗora tafin hannunta a kai.

"Wannan ai ruwan wanke kwanuka ne," ta ce, hawaye na bin kuncinta. Ba ta ɗauke hannun ba. Can ta ce, "Sumayyah, kifin nan da kika riƙo, ya huce?"

Ban iya tsayawa ba. Na hau sama na tarar da Thaddeus riƙe da sitiyari, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Na tsaya kusa da shi.

"Oga Ilyasu," ya ce ba tare da ya juyo ba, "yaya kwandona?"

"Allah ya saka maka da alheri," na ce. Iyakar abin da na iya ke nan.

Daga ƙasa muka jiyo Inna tana faɗa, wai kifin ba yaji, a ƙaro mata.