Ina Uwar Zalɓe?

Ni na riga kowa ganin Zalɓe Mai Jar Hula a ƙasar Haɗeja. Ranar da motar majigi ta kawo katun ɗin, ni na riƙe musu igiyar farin ƙyallen. Ban taɓa zama a aji ba, amma ambaliya uku ta bi ta kaina ina nan daram, don haka in na ce na gani, na gani.

Bunu masunci, mutumin Kirikasamma, yana cikin yaran da suka kalla, amma a bayana ya zauna. Abin ya shiga ransa. Shekara kusan talatin yana ba da labarin a bakin kogi: yadda ruwa ya tafi da uwar Zalɓe, ya bi ta har Guri, ya juyo Miga yana cigiya, ya same ta da rai a cikin ciyawar fadama.

Shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano, Zarami mai gidan kallo ya zo da kaset, ya ce an mai da Zalɓe babban fim. Bunu ya shanya komarsa, ya kwaso masunta goma bayan la'asar, ya ce yau za su gani da idonsu.

Aka tada janareta. Zalɓe ya fito da hularsa, Bunu ya buga cinya. Sai Zalɓe ya faɗa rami. Ya fito, aka kwaɗa masa tukunya a ka, ya sake faɗawa rami. Haka har aka tashi. Ba uwa, ba ruwa.

Musa, abokin sun Bunu, ya ce, "Bunu, ina gyatumar? Ko ta tafi unguwa ne? Ashe shekara talatin shirga mana ita kake yi!"

Dariyar da aka yi ta ƙona Bunu. A bakin kogi, wanda aka kama da ƙarya ko ya ce ruwa na tafe ba mai janye jirginsa.

Ya tare Zarami. "Ka yanke kaset ɗin nan."

"Haba Yaya Bunu, a gabanka na yage ledarsa."

Bunu ya karɓa, ya juya shi, ya ɗaga shi a rana yana neman inda aka liƙe. Ya ce to 'yan Kano ne suka kwafo rabi. Har ni ya zo yana wa wani kallo, wai ko mun haɗa baki. Na ce, "Kai, je ka ga Malam Istifanus." Shi ne tsohon malamin makarantar da ke tsayawa gefen ƙyalle da lasifika yana yi mana bayani da Hausa.

Ya same shi yana ba kaji dawa. Malam ya saurara, ya yi dariya har da tari.

"Bunu ɗana, yaushe Bature ya san Guri? Katun ɗin nan tsuntsu ne kawai yana faɗawa rami. Na'urar sauti ta mutu, aka ce in cike shirun. Shekarar ruwa ya ci gidaje. Na hango wani yaro yana kuka, aka ce da ni ruwa ya tafi da uwarsa. Sai na ba tsuntsun uwa, na bar shi ya same ta."

 Bunu ya san yaron, shi ne da kansa.

Washegari ya goyo Malam a keke zuwa gidan kallo. Ya ce, "Zarami, kashe muryar." Malam ya tsaya gefen talabijin ya fara. Zalɓe na faɗawa rami, shi yana cewa uwarsa yake leƙawa. Kafin a kai Miga, ba mai ko tari.

Musa ya share ido da hula, ya ce, "To ai dai ƙirƙira ce."

Bunu ya ce, "Ta Malam ce. Ni abin da na ji na faɗa. Na ƙara ko na rage?"

Musa ya ce, "Ba ka ƙara ba, ba ka rage ba."

Duk mai musu, ya nemo kaset ɗin, ya kashe muryar, ya zaunar da ni gefe in ba shi labarin. In bai yi hawaye kafin Guri ba, ya tafi da jirgina.