Tsiren da Dawuda Zai Kai Jawa

Mu Hausawa muna da wata cuta: in muka iya abu, sai mu ɗauka duk duniya ba a taɓa jin labarinsa ba. Ita ce ta kama Dawuda mai tsire, wanda ya kafa tukuba a unguwar Hindawiyya ta Makka shekarun da aka gama yaƙin duniya, alhazai suka dawo Makka da yawa.

Ya yi aboki cikin mutanen Jawa, wani dattijo mai suna Haji Marzuki, da ke zama a tukubar bayan La'asar. Da gurgun Larabci yake ba shi labarin ƙasarsu: tsibirai barkatai cikin teku, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, gonakin shinkafa hawa-hawa a jikin duwatsu, da tsofaffin gine-ginen sarakunan da, waɗanda Turawa ke shigo jirgi musamman don su kalla. Dawuda, wanda bai ga ɗanyar ciyawa ba tun barinsa Katsina, sai ya saki baki yana ji har naman ya ƙone.

Wata rana ya tambaye shi, "Ya Haji, akwai tsire a Jawa?"

Marzuki ya juya kalmar a bakinsa. "Siri? Ma fi."

Babu! Ƙasa guda, ga jama'a, ga baƙi, ba tsire. Dawuda ya ji tausayinsu har cikin ransa, ya kuma hango arzikinsa. Ya bar wa wani maƙwabci tukubar, ya ce zai bi jirgin alhazan Jawa bayan aikin hajji. Matarsa Sa'adatu ta ce, "Malam, mutanen da ke da gyaɗa da wuta, kana jin ba su san gashi ba?" Ya ce mata abin na gado ne, ba a tsintarsa.

Da Marzuki ya ji Dawuda zai bi su, ya yi murna ƙwarai, ya gayyace shi walima a masaukinsu. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo shinkafa. Sai ga faranti: nama ƙanana-ƙanana a tsinke, an gasa, an kwarara masa miyar gyaɗa.

Dawuda ya dubi farantin, ya dubi abokinsa. "Wannan fa?"

"Sate," in ji Marzuki. "Kowane lungu ana sayarwa a garinmu."

"Sata dai!" Dawuda ya faɗa da Hausa. "Wallahi sata ce!"

Marzuki ya ɗauka yabo ne, ya ƙara tura masa farantin. Shi bawan Allah bai yi ƙarya ba. Sunan aka tambaye shi, sunan kuwa babu shi a Jawa. Dawuda ya ci tsinke ɗaya don kada a ce ya raina, sannan ya ci na biyu ba don kowa ba.

Ya dawo gida jiki a sanyaye. Ba rashin tukubar ya fi damunsa ba. Abin da ya yi masa ciwo shi ne, duk tsawon hanyar da ya taka daga Katsina, ya zaci yana ɗauke da abu ɗaya da duniya ke jira daga gare shi.

Ya ce wa Sa'adatu ta kwance kaya, ya ba ta labari. Ba ta yi dariya ba, ko da yake ta so.

"To Malam, ya kai naka daɗi?"



"Ya fi," in ji shi.