Shaidu Biyu Zuwa Ƙumma

A shekarar nan mutum biyu ne kacal suka ga jinjirin watan Sallah a tsibirin Farasan da ke Bahar Maliya: Abkar mai jirgin kamun kifi, da mijin yayarsa, Jubran mai sayar da yadi. Alƙali ya karɓi shaidarsu, aka buga bindiga, mata suka hau kwaɓa lalle. Tsibirin Ƙumma kuwa hazo ya lulluɓe shi, kuma a wancan zamani labari ba ya tsallake teku sai ya hau jirgi.

Limamin Ƙumma mahaifin Abkar ne, Liman Hadi, tsoho mai taurin kai na bugawa a jarida. Ba ya sauke wa gari azumi sai shaidu biyu sun tsaya gabansa sun faɗa da bakinsu, kuma a karatunsa, in rana ta karkata kafin su iso, sallar Idin bana ta wuce ke nan. Ciwo ya riga ya cinye tsohon, Abkar ya san da wuya ya ga wata Sallar.

Ba a ratsa duwatsun murjani na ƙarƙashin ruwa da duhu, saboda haka gari na wayewa Abkar ya je ya fizgo Jubran daga gaban kwanon ayaba da zuma.

"Ni fa tunda aka kawo min yayarka ban ƙara hawa ruwa ba," in ji Jubran, yana tattare sabuwar rigarsa. "Wannan akwatin naka zai kai mu kuwa?"

"Ya ɗauki saniya bara, Yaya. Ko da yake ta fi ka sauƙi."

Da farko iska ta ba su haɗin kai. Zanen jirgi ya cika ya yi tumbi, suka wuce ƙananan tsibirai suna tsaga ruwa. Hantsi na dubawa sai iskar ta ɗauke ɗif, zane ya saki jiki kamar wanki a igiya.

Abkar ya cusa wa Jubran guga. "Watsa wa zanen ruwa! In ya jiƙe zai kama ɗan abin da ya rage."

Jubran ya yi ta watsawa, rabi a zane rabi a kansa, yana tsine wa idon da ya kai shi kallon sama jiya. Jirgi ya soma rarrafe. Amma hanyar da kowa ke bi sai ta kewaye doguwar shimfiɗar murjani, da wannan tafiyar kuwa sai la'asar. Abkar ya dubi inuwarsa ya ga ta fara tsukewa. Sai ya karya akalar jirgi ya nufi kan duwatsun kai tsaye.

"Kai, ɗan nema! Kashe ni za ka yi ranar Sallah?"

"Zubar da duwatsun da aka danne jirgi da su, mu rage nauyi."

Aka zubar, jirgi ya ɗan taso, ya yi gaba, sannan cikinsa ya gurji dutse ya tsaya. Abkar ya dira ruwa, ya juyo ya ƙura wa Jubran ido. Jubran ya dubi rigarsa, ya dubi ruwan, ya yi salati ya faɗo kamar buhu. Nan take jirgi ya sami kansa. Suka yi ta turawa, murjani na yankar ƙafafunsu, har ya sake kafewa a rairayi, inda ba sauran dabara.

Daga nan suna hango mutanen Ƙumma sun taru a gaɓa, amma murya ba ta kaiwa. Abkar ya hau bakin jirgi, ya ɗaga tulun ruwa sama yadda kowa zai gani, ya kafa kai ya sha.

Gaɓa ta kaure da ihu. Ɗan liman, da rana tsaka, cikin azumi! Wani har ya tsuguna neman dutse. Sai wata tsohuwa ta gane cewa an ga wata ke nan, ta rangaɗa guɗa, samari suka ruga gidan liman.

Kafin su biyun su gama kutsawa cikin ruwa zuwa tudu, Abkar riƙe da tulun, an ɗauko tsohon a kan gadon igiya. Bai dubi jinin ƙafar ɗansa ba. Ya sa aka kafa sanda a ƙasa, ya leƙa inuwarta, saura ƙiris rana ta karkata.

"Kai wane ne, me ka gani?"

"Abkar ɗan Hadi. Na shaida na ga watan Shawwal da idona."

"Ni ma na gani, Baba," in ji Jubran yana haki, "kuma wallahi ba zan ƙara ba."

Dariya ta ɓarke. Abkar dai bai iya dariya ba, hawayen daɗi na bin gishirin fuskarsa. Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙa hannu wajen tulun.

"Ka sha kafin ubanka. Kawo sauran."

Ya kurɓa a gaban kowa, ya goge gemu, ya ce a tsayar da sahu. Da ya ɗaga murya ya yi kabbara, har masunta da ke bayan tsibiri sai da suka ji.