Fartanyar Modu

"Ga shi can kuma," in ji Suma'ila, yana leƙe ta kan katanga. Maƙwabcinsa ne, tsoho Modu, ya nufi baraji da fartanya a kafaɗa, yana tari kamar ƙirjin zai tsage.

Barajin nan, tudun ƙasa da aka yi don tare ambaliya a ƙauyensu na yankin Guna, shi ya cinye gonar Modu. Ranar da aka fara aikin, a gaban mai gari Modu ya tsine wa barajin. Gidan Suma'ila kuwa shi ne na farko a gindin tudun, in ya ɓalle da su ruwa zai karya kumallo. To me mai jin haushin abu yake tonawa a jikinsa kullum safiya? Biri dai ya yi kama da mutum.

Ya tare shi a hanya. "Baba Modu, me ake shukawa a baraji?"

"Kai ne mai gadinsa?"

"Iyalina ke kwana a ƙarƙashinsa."

"To ku yi ta kwana," in ji tsohon, ya wuce.

Suma'ila ya kai maganar masallaci, wai Modu na haƙa ramuka a jikin baraji. Kafin Juma'a masu gaida Modu sun ragu, tarinsa ya ƙaru. Damina na tsakiya ya kwanta, bai tashi ba. An kai shi makwancinsa, amma hankalin Suma'ila bai kwanta ba, har a zaman makoki tunanin ramukan yake yi.

Da ya shiga yi wa Tani, matar mamacin, ta'aziyya, sai ta miƙo masa fartanyar.

"Ya ce a ba ka. Akwai ramin gafiya ɗaya saitin gidanka, bai gama toshe shi ba."

"Toshewa yake yi?"

"Tun bara. Shi ya hana ni faɗa. Wai wanda ya tsine wa abu a gaban jama'a, abin kunya ne a gan shi yana gyaransa."

Bai yarda ba sai da ya hau tudun. Ramuka ne birjik, kowanne an cusa masa ƙaya an liƙe da laka. Kunya ta rufe shi. Ramin ƙarshen yana tsattsafo da ruwa siriri, ga rufin ɗakin 'ya'yansa can ƙasa.

Ya durƙusa ya fara kwaɓa laka. A bakin ramin, shatin yatsun Modu na nan a jikin yaɓen, bai gama bushewa ba.